Namor: Yadda Aka Ɗauke Sarkin Teku Daga Atlantis Aka Kai Shi Ƙasar Maya

Yaro ne ya fito daga teku a gaɓar Yukatan, a kudu maso gabashin ƙasar da yau ake kira Meksiko. Mutanensa na biye da shi, ɗauke da gawar mahaifiyarsa. Wasiyyar da ta bari ita ce a binne ta a ƙasar da aka haife ta.

Da ya haura tudu, sai ya tarar ƙasar ta zama gandun Sifaniyawa. Dangin uwarsa suna cikin mari, bulala na sauka a gadon bayansu. Yaron ya cinna wa gandun wuta, ya karkashe masu shi. Wani fada ya dube shi ya la'ance shi da Sifaniyanci, ya ce wannan yaro ne marar ƙauna. Daga cikin kalmomin wannan la'ana ya yanko sunan da maƙiyansa za su riƙa kiransa da shi: Namor.

Haka fim ɗin Black Panther: Wakanda Forever, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2022, ya ba da asalin babban abokin gabar Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar Afirka ta labarin. Wanda ya san Namor a littattafan labaran zane na kamfanin Marvel zai ce ai ba haka aka yi ba, kuma yana da gaskiya. Shekara tamanin da 'yan kai aka yi ana zana wannan taliki, babu Yukatan a labarinsa, babu Sifaniyawa, babu gandu.

Sauya wa jaruman zane asali idan za a mai da su fim ya zama ruwan dare a Hollywood. Wani a sauya masa launin fata, wani ƙasa, wani addini, wata a mai da ita namiji, wani a mai da shi mace. Kowane sauyi da hayaniyarsa a kafafen sada zumunta. Na Namor ya fita daban, domin ba a tsaya ga tufafi da fuska ba. An taɓa dalilin fushinsa.

Sarkin da aka zana a 1939

Wani saurayi mai zane, Bill Everett, shi ya ƙirƙiro Namor. Jama'a sun fara ganinsa a fitowar farko ta mujallar Marvel Comics a 1939, shekara guda bayan bayyanar Superman. A lokacin kamfanin ma sunansa Timely. Everett ya ce sunan ya samo shi ne da ya rubuta kalmar Roman ya karanta ta baibai.

A wancan labari, ubansa Ba'amurke ne, Leonard McKenzie, kyaftin ɗin wani jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara a yankin Antatika. Nakiyoyin da jirgin ke jefawa don buɗe hanya suna ruguza wani gari da ke ƙarƙashin teku ba tare da matuƙan sun sani ba. Sarkin garin ya tura 'yarsa, Gimbiya Fen, ta je leƙen asiri. Soyayya ta shiga tsakaninta da kyaftin, aka haifi Namor: ruwa biyu, mai kunnuwa masu tsini da 'yan fukafukai a idon sawu.

Tun ran gini tun ran zane, Namor ba mai ladabi ba ne. Labarin farko ya nuna uwarsa tana zuga shi ya yaƙi fararen mutanen doron ƙasa, kuma da launin fatarsu aka ambace su. Ya sha kai wa birnin New York hari, har ya taɓa turo masa igiyar ruwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, marubuta suka juya fushinsa kan 'yan Nazi. Bayan yaƙi kasuwarsa ta mutu, sai a 1962 Stan Lee da Jack Kirby suka tono shi a mujallar Fantastic Four. Daga nan sarautarsa ta Atlantis ta kafu a zukatan masu karatu, tare da girman kansa da ba ya risina wa kowa.

Gabarsa da Wakanda ma a takarda ta fara. A wani jerin labarai na 2012 ya malalo wa ƙasar ruwa, ya hallaka jama'a da yawa. Saboda haka da aka ce zai fito a fim ɗin Black Panther na biyu, masu bibiya ba su yi mamaki ba. Mamakin ya zo ne da suka ga ɗan wasan Meksiko, Tenoch Huerta, sanye da koren dutse a hanci da kunnuwa da hular gashin tsuntsu.

Ruwa ba ya tsami banza

Dalili na farko na kasuwa ne. Kamfanin DC, kishiyar Marvel, yana da nasa sarkin Atlantis, wato Aquaman. An zana shi a 1941, bayan Namor da shekara biyu, amma ya riga shi shiga sinima. Fim ɗinsa na 2018 ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Da Marvel ya fito da wani sarkin Atlantis ɗin, mai uba ɗan Adam da uwa 'yar teku, 'yan kallo za su ce kwaikwayo ne, alhali shi ne yaya.

Akwai kuma lissafin tikiti. Mutanen da asalinsu ya fito daga Latin Amurka a lokacin ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar Amurka ba, amma su ke sayen kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tikitin sinima. A manyan finafinai kuwa, rabonsu cikin masu buɗe baki su yi magana ya daɗe yana yawo a wajen kashi 5 cikin ɗari. Kamfanin Disney, wanda ya sayi Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan huɗu, ba ya buƙatar malamin duba ya faɗa masa abin da wannan ke nufi.

Sai dalilin darakta Ryan Coogler, wanda ya rubuta labarin tare da Joe Robert Cole. Fim ɗin farko na 2018 tambaya ce a kan mulkin mallaka: ina Afirka za ta kai da ba a taɓa ta ba? Wakanda ƙasa ce da ta ɓuya ta tsira. Coogler yana neman wata al'umma da za ta tsaya gabanta a matsayin tsara, wadda ita an taɓa ta, ta gudu da rauninta. Gari daga tatsuniyar Girkawa ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Mutuwar Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa sarkin Wakanda, a watan Agustan 2020, yana da shekara 43, bayan fama da kansar hanji, ta sa aka sake rubuta labarin ya koma na makoki. Shuri, ƙanwar T'Challa, ta rasa yayanta, Namor ya rasa uwarsa da ƙasar uwarsa. Maraici ne ya haɗa su kafin ya raba su.

Atlantis da satar tarihi

A nan ne sauyin ya yi nauyin da ban tabbata duk 'yan kallo sun lura da shi ba.

Atlantis daga alƙalamin Aflatun ta fito, malamin falsafa na Girka, kusan shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Misali ya buga da wani tsibiri mai ƙarfi da girman kai wanda teku ta haɗiye. Babu wata shaida da ta nuna an taɓa yin wannan tsibiri. Amma a ƙarni na 19 wasu Turawa suka ɗauki misalin suka mai da shi tarihi, kuma suka yi aiki da shi.

Matafiya sun ga biranen Maya cikin dazuka, da dalar duwatsu, da rubutu, da lissafin taurari mai ban mamaki. Sai wasu suka kasa yarda cewa kakannin manoman da ke musu dako ne suka gina su. Wani fada Bafaranshe, Brasseur de Bourbourg, ya yi iƙirarin cewa ya karanta labarin nutsewar Atlantis a wani littafin Maya. Karatun nasa shirme ne, domin sai a ƙarni na 20 aka gano yadda ake karanta rubutun. A 1882 wani ɗan siyasar Amurka, Ignatius Donnelly, ya wallafa littafi guda yana cewa wayewar Masar da ta Maya duk 'ya'yan Atlantis ne. Littafin ya yi kasuwa sosai.

Wannan cuta ta iso Nijeriya. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya je Ile-Ife, aka nuna masa kan mutum na tagulla da wasu na yumɓu. Kyawun aikin ya gigita shi. Maimakon ya jinjina wa Yarabawa, sai ya sanar da duniya cewa ya gano ragowar Atlantis, wai Olokun na Yarabawa shi ne abin bautar teku na Girkawa. Irin wannan aka yi wa ganuwar Zimbabuwe, aka jingina ta ga Finisiyawa da Sarauniya Bilkisu, don kada a ce baƙar fata ne ya aza tubalin.

Ke nan Atlantis ta daɗe tana aikin ƙwace wa mutane abin da hannun kakanninsu ya yi. Coogler ya juya akalar. A fim ɗinsa Mayawa ne suka shiga teku suka kafa birnin ƙarƙashin ruwa mai suna Talokan, da iliminsu da harshensu. Ko da gangan ya yi wannan ramuwa ko dacewa ce, ta zauna daram.

Gina Talokan

A labarin fim ɗin, shekarar 1571 ce. Cutar agana da Sifaniyawa suka zo da ita tana cin wani ƙauyen Maya. Bokansu ya sami ishara daga Chaac, abin bautarsu na ruwan sama, ya nutsa ya ciro wani tsiro da ya fito a ƙasa mai ma'adinin vibranium, irin wanda Wakanda ke taƙama da shi. Suka sha, fatarsu ta koma shuɗiya, iska ta daina yi musu amfani, suka koma teku. Uwar Namor na ɗauke da cikinsa a lokacin. Mutanensa ba sa kiransa Namor. K'uk'ulkan suke ce masa, sunan maciji mai gashin tsuntsu da Mayawan Yukatan suka bauta wa.

Ban da tsiron da shuɗiyar fata, sauran ba ƙage ba ne. Hernan Cortes ya sauka gaɓar Meksiko a 1519, agana ta ɓarke a 1520, babban birnin Aztek ya faɗi a 1521. Yukatan ta fi gardama: iyalan Montejo sun yi kusan shekara ashirin suna yaƙi kafin su ce sun ci yankin, sun kafa birnin Merida a 1542. Annoba bayan annoba ta share mafi yawan 'yan asalin ƙasar cikin ƙarni guda.

A 1562, shekara tara kafin haihuwar Namor ta fim, fada Diego de Landa ya tara littattafan Maya a garin Mani ya banka musu wuta, yana cewa ƙaryar shaiɗan ce a ciki. Yau littattafai huɗu kacal suka rage a duniya daga kafin zuwan Turawa, uku daga ciki ma suna Turai: Dresden, Madrid da Paris. Birnin Maya na ƙarshe mai cin gashin kansa, Nojpeten, bai faɗi ba sai 1697.

Masu shirya fim ɗin ba su yi aikin ganin dama ba. Hannah Beachler, wadda ta ci kyautar Oscar saboda tsara Wakanda, ta haɗa kundin bincike mai shafuka ɗaruruwa kan Talokan. An ɗauko Farfesa Gerardo Aldana na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, masanin ilimin taurarin Maya, ya ba da shawara. Josue Maychi, ɗan wasa Bamaye daga jihar Campeche, shi ya fito a matsayin bokan, shi kuma ya koya wa sauran 'yan wasa harshen. Uwar Namor kuwa Maria Mercedes Coroy ce, Bamayiya daga Gwatemala.

A cikin birnin an ga yara suna buga tsohuwar ƙwallon nan ta roba da ake jefawa ta cikin zobe. Mashigar da Shuri ta bi irin kogunan ruwan nan ne na halitta da suka cika Yukatan, waɗanda Mayawa suka ɗauka ƙofofin wata duniya. Ruth Carter, mai tsara sutura, ta sake cin Oscar a 2023, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci sau biyu. Mai kiɗa Ludwig Goransson ya raba aikinsa tsakanin birnin Meksiko da Legas, shi ya sa a faifan waƙoƙin aka ji Burna Boy da Tems da Rema, aka kuma ji samari masu gambarar zamani da harshen Maya.

Abin dariya, Huerta da aka ba sarautar teku bai iya iyo ba. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa da Coogler ya tambaye shi, sai ya amsa cewa bai dai taɓa nutsewa ba. Daga baya ya koya.

Meksiko ta kalli fuskarta

Wanda ya taɓa kallon wasannin talabijin na Meksiko zai ɗauka ƙasar Turawa ce. Attajiri fari, amarya fara, likita fari. Mai duhun fata shi ne direba, ko 'yar aiki, ko ɗan fashi. A titi kuwa mafi yawan jama'a masu duhun fatar ne.

Huerta, haifaffen Ecatepec a gefen babban birnin ƙasar, ya daɗe yana kokawa da wannan. Yana cikin masu fafutukar da ake kira Poder Prieto, kuma a 2022 ya wallafa littafi mai suna Orgullo Prieto kan wariyar launi a ƙasarsa. Kafin Namor, yawancin masu kallo na waje sun san shi ne a matsayin dillalin ƙwaya a shirin Narcos: Mexico. Ganinsa a kan karaga, ana durƙusa masa, ba ƙaramin abu ba ne ga yaran da suka yi kama da shi.

Ba a manta abin da ya sami Yalitza Aparicio ba, 'yar asalin ƙasar daga jihar Oaxaca, wadda ta shiga takarar Oscar a 2019 da fim ɗin Roma. Zagi da gori ta sha daga wasu 'yan ƙasarta, har da abokan sana'a. Meksiko na alfahari da dalar Chichen Itza, ta buga hoton sarakunan da a kan kuɗi, amma jikokinsu masu rai su ne a ƙasan layi wajen ilimi da asibiti da albashi.

Ƙidayar 2020 ta nuna masu jin Mayancin Yukatan sun kusa dubu ɗari takwas, cikin mutum sama da miliyan bakwai masu magana da ɗaya daga harsunan asali 68 na ƙasar. Iyaye da yawa sun daina koya wa 'ya'yansu don gudun gori a makaranta. Harshen da yaro ke jin kunyar yi a kasuwa, sai ga shi a bakin sarki a sinimomin duniya.

Masu ƙorafi

Ƙorafin da ya fi ƙara shi ne mafi rauni. Wasu masoya littattafan sun ce an ɓata musu jarumi don neman suna wajen masu rajin daidaito. Amma Namor na takarda ma ba a taɓa barinsa wuri ɗaya ba: an mai da shi maƙiyi, an mai da shi soja, an mai da shi mahaukacin da ya manta sunansa, an mai da shi attajirin kamfani. Girman kai, da fushi, da kishin jama'arsa, su ne Namor, kuma duk sun biyo shi Talokan. Ƙari ma aka yi, domin fushin da a da ya dogara kan hatsarin jirgin ruwa yanzu ya sami tushe da kowa zai gane.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙwari, kuma daga cikin gida ya fito. Sunan Talokan daga Tlalocan aka ciro shi, wato aljannar abin bautar ruwan sama na Aztek. Aztek da Maya kuwa al'ummu biyu ne, harsunansu ba dangin juna ba, tsakanin cibiyoyinsu tafiya ce ta sama da kilomita dubu. Manyan 'yan wasan uku, Huerta da Mabel Cadena da Alex Livinalli ɗan Benezuwela, babu wanda ya tashi da harshen Maya, kuma masu harshen suna jin haka a lafazinsu. Mayawan gaske an ba su gurbi, amma ƙanana.

Mu ma mun ga irin wannan dambu a Wakanda: bargon Basotho, hular matan Zulu, faifan leɓen Mursi na Habasha, rawanin Buzaye, rubutun Nsibidi na kudu maso gabashin Nijeriya, duk a tukunya ɗaya. Bambancin shi ne Wakanda ba ta ce ita wata ƙabila ce takamaimai ba. Talokan kuwa ta ambaci Yukatan, ta ambaci shekara, ta ari harshe mai rai. Wanda ya kama suna, dole a bi shi bashin daidai.

Na uku shi ne wanda ni ma ya tsaya mini a rai. Wa ya jawo rigimar? Amurkawa ne suka kai na'urar neman vibranium tsakiyar tekun Atlantika. Shugabar hukumar leƙen asirin Amurka a fim ɗin ta faɗa ƙarara cewa mafarkinta shi ne ƙasarta kaɗai ta mallaki ma'adinin. Amma wa ya mutu? Namor ya malale babban birnin Wakanda, Sarauniya Ramonda, uwar Shuri, ta nutse, sojojin ɓangarorin biyu suka yi ta faɗuwa. Baƙi da jajaye suna kashe juna, mai laifin na zaune a ofis.

Masu kare fim ɗin sun ce ai haka duniya take, raba kan waɗanda aka zalunta tsohuwar dabara ce, kuma a ƙarshe Shuri ta ɗage mashi daga wuyan Namor aka ƙulla ƙawance. Akwai gaskiya a nan. Sai dai tarihi ya ba marubutan wata hanya da ba su bi ba. A wajen 1570, daidai lokacin da suka sa haihuwar Namor, wani bawa ɗan Afirka mai suna Gaspar Yanga ya jagoranci 'yan uwansa suka tsere daga gandayen Veracruz zuwa tsaunuka. Sun yi shekaru da dama suna tsare kansu, sojojin Sifaniya suka kai musu hari a 1609 ba su gama da su ba, daga bisani aka amince musu da garinsu. Garin na nan, sunan Yanga yake ɗauke da shi. Bulala ɗaya ce ta doki Bamaye da ɗan Afirka a ƙasar nan. A ganina kamfanin Amurka mai neman dala miliyan ɗaruruwa ba zai yi fim ɗin da jarumansa za su haɗa kai su fuskanci Amurka ba, shi ya sa aka karkatar da mashin.

Faransa ce aka fi yi wa ba-zata. A farkon fim ɗin an nuna sojojin haya masu jin Faransanci suna kai hari wata cibiyar Wakanda a Ansongo, garin nan na Mali da ke kan hanyar Gao zuwa iyakar Nijar, aka kamo su aka gurfanar a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Fim ɗin ya fito wata uku bayan sojojin Faransa sun kwashe kayansu daga Mali. A Fabrairun 2023 ministan tsaronta na lokacin, Sebastien Lecornu, ya fito ya yi tir da abin da ya kira ɓata sunan sojojin ƙasarsa.

Ba kowane dashe ne ke kamawa ba

Marvel ya sha gwada wannan aiki, sakamakon kuwa hawa-hawa ne.

Malamin Doctor Strange a littafi tsoho ne ɗan Tibet. A fim ɗin 2016 aka mai da shi Baturiya, Tilda Swinton ta fito. Ɗaya daga marubutan ya yi nuni da cewa ambaton Tibet zai iya ɓata wa China rai, ita kuwa babbar kasuwa ce. Bayan shekara biyar shugaban Marvel Studios, Kevin Feige, ya amsa cewa sun yi kuskure. Wanda Maximoff, da littafi ya danganta da al'ummar Roma masu yawo a Turai, an ƙaga mata wata ƙasa mai suna Sokovia aka shafe wancan asali. Waɗannan sauyi ne na gudun magana.

Wani lokacin kuma wanki ake yi. Shang-Chi a littattafan shekarun 1970 ɗan Fu Manchu ne, mugun da Turawa suka ƙaga don tsoratar da mutane da Sinawa. A fim ɗin 2021 aka ba shi sabon uba. M'Baku na Wakanda a takarda sunansa na yaƙi yana danganta shi da goggon biri, fim ya yar da sunan. Kamala Khan, Musulmar jaruma 'yar asalin Pakistan, a shirinta na 2022 an ɗaure ƙarfinta da awarwaron kakarta da rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, amma da aka sako maganar aljanu wasu Musulmi 'yan kallo suka ɗaure fuska.

Hausa ma ta taɓa yin asara a irin wannan ciniki. A littattafan Black Panther da Christopher Priest ya fara rubutawa a 1998, dogaran sarki mata, Dora Milaje, da Hausa suke magana da sarki. Da aka zo fim, dattijon ɗan wasan Afirka ta Kudu John Kani, wanda ya fito a matsayin uban T'Challa a 2016, ya kawo harshensu na Xhosa, shi ke nan ya zama harshen Wakanda.

Sauya wa labari gida dai ba baƙon abu ba ne ga mai karatun Hausa. Abubakar Imam ya kwaso labarai daga littattafan Larabawa da Turawa ya sa musu rawani a Magana Jari Ce, 'yan fim ɗin Kano kuma sun daɗe suna yi wa labaran Indiya haka. Sai dai Imam baƙon labari ya kawo gidansu, don mutanen gidan. Disney gidan wasu ya ɗauka, da annobarsu da kaburburansu, ya kai cikin labarinsa.

Mai kaya da ɗan dako

Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 860 a duniya, ƙasa da sama da biliyan 1.3 na farkon, amma ba wanda zai kira shi faɗuwa. An yi bikin buɗe shi a Legas tare da Coogler da Huerta da Lupita Nyong'o, wadda ita kanta a birnin Meksiko aka haife ta. A sinimomin Nijeriya shi ne fim na farko da ya haura naira biliyan ɗaya.

Haƙƙin mallakar Talokan yana hannun Disney: sunan, da surar birnin, da gaisuwarsu ta tafin hannu, da 'yan tsanan da ake sayar wa yara. Masu ba da shawara an biya su ladan aikinsu. A Yukatan kuwa, cikin shekarun nan ne aka shimfiɗa layin dogo na kusan kilomita 1,500 mai suna Tren Maya don jigilar masu yawon buɗe ido. Wasu ƙauyuka sun yi maraba da shi saboda aikin yi, wasu suka kai ƙara kotu kan sare daji da kafa ginshiƙai cikin kogunan ruwan da fim ya mai da ƙofar Talokan.

Mayawa suna ba da labarinsu ba tare da Marvel ba, sai dai muryar ba ta kai nisa. Ita Coroy da ta fito uwar Namor na 'yan mintuna, ita ce jarumar Ixcanul, fim ɗin Gwatemala na 2015 da aka yi mafi yawansa da harshen Kaqchikel, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Berlin. Waɗanda suka kalle shi ba su kai ƙura cikin waɗanda suka kalli Wakanda Forever ba.

Shi kansa Namor ba shi da cikakken 'yanci. Tun kafin Marvel ya fara shirya finafinansa da kansa, ya sayar wa kamfanin Universal wani ɓangare na haƙƙin wannan jarumi. Furodusa Nate Moore ya bayyana a 2022 cewa saboda wannan tsohuwar yarjejeniya, Disney na iya sa shi a finafinan wasu, amma ba zai yi masa fim nasa na kansa ba. A watan Maris na 2025 aka sanar da cewa Huerta zai dawo a Avengers: Doomsday, cikin jerin 'yan wasa sama da ashirin.